Wadan Sifurus a Tsakar Gidan Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hunturu ya shigo, tambayoyi kan wadan sifurus, wata 'yar bishiyar ado mai tsini, sai su yi yawa. Wani a waya ya ga hotonta, wata a ƙofar wani gida ta gan ta lokacin da ta je Ingila wurin ɗanta, wani kuma tsaraba aka kawo masa daga Abuja. Ga amsoshin waɗanda aka fi yi, na magidanta da na uwayen gida da na samarin da ke kula da furannin gidajen manya.

Wai wace irin bishiya ce wannan?

Sunanta a wurin masana tsirrai Picea glauca 'Conica'. Uwarta, farin sifurus, babbar bishiya ce ta dazuzzukan Kanada da Alaska, tana kai mita 20 zuwa 30, kuma da itacenta ake yin takarda da katakon gini. Ita wannan wadar an tsince ta ne a shekarar 1904 kusa da Tafkin Luwis a lardin Albata na Kanada. Wasu masana biyu daga gandun bishiyoyi na Arnold da ke Boston, John Jack da Alfred Rehder, su ne suka ga wasu 'yan tsirrai da suka tsumbure suka bambanta da sauran, suka ɗauke su zuwa Amurka. Daga nan ta bazu a lambunan duniya.

Abin da ke jan ido gare ta shi ne siffa. Tana tashi da faɗi daga ƙasa ta tsuke zuwa sama, a cunkushe, ba tare da kowa ya sa mata almakashi ba. Ganyenta 'yan allurai ne da ba su fi santimita ɗaya ba. A shekara takan ƙara santimita 5 zuwa 10 kawai, don haka sai ta yi shekara 25 ko 30 kafin ta kai mita 3.

Malam, a gaya mini gaskiya: za ta rayu a Sakkwato?

A'a, Alhaji. Za ta iya yin wata biyu ko uku tana kore, musamman in an kawo ta a Disamba, amma ba za ta tsallake bazara ba. Na fi son ka ji wannan tun kuɗinka na aljihu.

Dalili na farko zafi ne, kuma ba na rana kaɗai ba. Kowa ya san Afrilu da Mayu a garin nan: digiri 40 abin yau da kullum ne, wasu ranakun har ya haura 44. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne dare. Bishiya da rana take haɗa abincinta a ganye, da dare kuma tana ƙona shi a hankali tana numfashi. In daren ya yi sanyi, kaɗan take ƙonawa, ta ajiye saura. In kuwa daren ya tsaya a sama da digiri 25, kamar yadda namu ke yi makonni a jere, to bishiyar da aka halitta domin ƙasar ƙanƙara takan ƙona fiye da abin da ta haɗa. Yunwa ce ke kashe ta a tsaye, ko da ana zuba mata ruwa safe da yamma.

Na biyu bushewar iska. A hunturu laimar iska a nan takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Allurai ƙanana irin nata suna zubar da ruwa da sauri fiye da yadda 'yan siraran saiwoyinta za su iya mayarwa.

Na uku, ko a Amurka, inda aka fi shuka ta, masu lambu a jihohin kudu masu zafi suna fama da ita, ana ma ba su shawarar su nemi wata. Kuma zafinsu bai kama ƙafar namu ba.

Amma ai muna da sanyi. A Janairu har wuta muke ji da asuba.

Ɗarinmu na mutane ne, Hajiya, ba na sifurus ba. A dare mafi sanyi na Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 15, da hantsi kuma ya sake hayewa zuwa 30. Ita kuwa wannan bishiya tana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, kuma ba jurewa kawai take yi ba, tana bukatarsa. Kamar mutum ne da barci: sai ta samu makonni masu yawa cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba, ta kwanta ta daina girma, sannan tohonta na sabuwar shekara zai buɗe da ƙarfi. In ba ta samu ba, tohon ya fito a raunane ko ya ƙi fitowa sam.

Akwai kuma tsawon yini. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, yininmu bai cika sauyawa sosai ba tsakanin rani da damina. Inda aka tsinto ta kuwa digiri 51 ne, a kan tsaunuka, inda yinin bazararsu ke kai awa 16 na hunturu kuma ya dawo 8. Da wannan sauyin take gane lokacin kwanciya da lokacin tashi. A nan babu abin da zai gaya mata.

To in na ajiye ta a falo mai na'urar sanyaya ɗaki fa? Ko in riƙa sa ta a firji?

Na'urar ba ta sauka ƙasa da digiri 16 ko 18, kuma tsotse laimar ɗaki take yi, wato an guje wa matsala ɗaya an ƙara wata. Ga ƙarancin haske, don sifurus bishiyar fili ce. Ga kuma wutar lantarkin da kowa ya san halinta. Maganar firji kuwa a bar ta. Na kayan miya ne.

Wani mai sayar da furanni ya nuna mini wata ya ce ita ce, kuma ya ce ta daɗe a wurinsa. Ƙarya yake yi?

Ba lallai ba. Masu sayar da furanni na bakin titi suna kiran duk wata bishiya mai tsini da ba ta kaɗe ganye da suna ɗaya, bishiyar Kirsimeti. Shi a wurinsa duk ɗaya ne. Kai ne za ka sa hannu ka tantance.

Ka kama reshe ɗaya ka duba da kyau. In ganyen allurai ne gajeru, kowace ta fito ita kaɗai daga jikin reshe, tana ɗan sukar yatsa, kuma in ka tsinke ta ka murza tsakanin yatsu biyu tana juyawa saboda kusurwa huɗu gare ta, to sifurus ce. In ganyen a shimfiɗe yake kamar an danne shi da dutsen guga, ga 'yan ɓawo-ɓawo a jere, ba ya suka, wannan tuja ce. In rassan sun fito hawa-hawa a kewaye da gangar jiki, da fili tsakanin kowane hawa, arokariya ce. In kuwa ganyen dogayen zare ne masu gaɓoɓi, da za ka iya cirewa gaɓa-gaɓa, kasurina ce, wadda ke yin fito in iska ta kaɗa.

In har ta shekara a wurinsa tana kore, kusan tabbas tuja ce, kuma wannan albishir ne gare ka.

An riga an kawo mini ita tsaraba, ta gaskiyar. Me zan yi mata?

Ka more ta iya kwanakinta. Kada ka dasa ta a ƙasa. Ka bar ta a tukunyarta, ka saka wannan tukunyar cikin wata babba ta ƙasa, ka cike tsakaninsu da yashi mai danshi domin saiwar ta yi sanyi. Ka ajiye ta a baranda ta gabas ko ta arewa, inda za ta sha hasken safe zuwa wajen ƙarfe goma kawai. Kada ƙasarta ta bushe ƙaƙas, kada kuma ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Ka riƙa wanke mata ƙura da yamma. Taki ba shi da amfani a halin da take ciki.

In kana da ɗan'uwa a Jos ko Gembu da ke kan tsaunin Mambila, kana iya aika masa kafin Maris. Can za ta fi daɗewa, ko da yake can ɗin ma babu irin sanyin da take nema.

Ni siffar nake so, ba suna ba. Me zan shuka a madadinta?

Yauwa. Nan ne maganar take da daɗi.

Ta farko ita ce tuja, Platycladus orientalis. Asalinta arewacin Sin da Koriya, amma ta saba da fari, tana jure ƙasa mai farar ƙasa, kuma ana shuka ta a ƙasashe masu zafi kamar Indiya da yankin Larabawa. Ita ce mafi kusa da abin da ka gani a hoto: kore duk shekara, a dunƙule, girma a hankali. Akwai wani irinta gajere mai ruwan ɗorawa a bakin ganye, 'Aurea Nana', wanda da ƙyar yake wuce mita ɗaya da rabi, ya dace da ƙaramin fili ko babbar tukunya. Sharaɗinta a Sakkwato ɗaya ne: a kare ta daga ranar azahar zuwa la'asar a bazara, a kuma tabbatar ba ta rasa ruwa ba a shekara biyun farko.

Kasurina ta fi ta ƙarfin hali nesa ba kusa ba. Tana son yashi, ba ta damu da ruwa mai ɗan gishiri ba, har ma tana samar wa kanta taki ta hanyar wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwarta. Amma ba wada ba ce. In ka sake ta za ta wuce mita 20, saiwarta kuma ta nufi katanga da masai. Mai son ta a ƙaramin gida sai ya ɗaure ta a tukunya ko kwandon siminti, ya yarda da yi mata aski a kai a kai. In aka yi haka takan cika ta yi luf-luf, daga nesa ba ka bambanta ta da bishiyoyin Turai.

Arokariya ta fi duka kyau a ido, ta kuma fi duka shagwaɓa. Daga tsibirin Nofok take, tsakanin Ostareliya da Niyuzilan, ta saba da iskar teku. A Legas da Fatakwal tana jin daɗi; a nan hunturu na ƙone mata rassan ƙasa, kuma reshen da ya zube ba ya dawowa. Sai mai baranda mai inuwa da haƙurin fesa ruwa.

Ni dai da za a bi tawa, da an fara duba abin da ke gabanmu. Itacen lalle in aka dasa shi aka riƙa datse shi tun yana ƙarami, yakan yi duhu ya ɗauki duk siffar da aka ba shi, ga ƙamshin fure da dare, ga ganyen da uwargida za ta daka. Zafin Afrilu ba ya ɗaga masa hankali. Haka kariya, wadda Turawa ke saye da tsada suna lallaɓa ta a ɗakunan gilashi: gajera ce tun asali, ga kututture mai ƙiba, ga fure ja a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Ba ta da tsini irin na sifurus, gaskiya ne, amma a tukunya a bakin ƙofa babu wanda zai wuce bai waiwaya ba. Mun raina ta ne kawai don a daji muka saba ganinta.

A wane gefen gida ya kamata in dasa?

Ka fita tsakar gida da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu ka duba inda inuwa ta faɗi. Wurin nan ne. Yawanci gindin katangar yamma ne, ta ciki, inda ranar safe ke samu amma katangar ta tare ta yamma. Wuri mafi muni shi ne gaban bangon da ke fuskantar yamma, don yana shan rana daga azahar har faɗuwarta ya riƙa amayar da zafi har bayan isha'i.

Sababbin gidajen da ake ginawa a Arkilla da Mabera da Gawon Nama, galibi an shafe tsakar gidan da siminti ko tayil ɗin ƙasa, an bar ɗan rami kamar faranti wai nan za a sa fure. Wannan ba ya wadatarwa. A fasa aƙalla mita ɗaya kowane gefe, a kwashe ɓaraguzan siminti da magina suka binne, domin su ma suna ɓata ƙasa. A kuma bar tazarar mita ɗaya daga katanga. Kada a dasa a ƙarƙashin dogon yaro kai tsaye. Saiwarsa za ta shanye ruwan, inuwarsa kuma ta sa tuja ta yi sako-sako.

Yaushe ake dasawa, kuma da wace ƙasa?

Bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, mafi yawa a Agusta. Wanda ya dasa a Yuli ya ba saiwa wata uku na ruwan sama da iska mai laima ta kama ƙasa. Mutane kuwa a Disamba suka fi saye, lokacin da kasuwar ke ci, sai bazara ta riske ta ba ta kafu ba.

Rami ya ninka faɗin ledar da ta zo ciki sau biyu, amma kada zurfinsa ya wuce nata. Binne wuyan bishiya na ruɓar da ita. A haɗa kashi biyu na ƙasar jigawa, kashi ɗaya na yashi mai ɗan tsakuwa, da kashi ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya shekara ya ruɓe har ya daina wari. Lakar fadamar Rima tana da kyau ga shinkafa da albasa, amma a tukunya takan riƙe ruwa ta shaƙe saiwa, in ta bushe kuma ta tsage. Ɗanyen kashin kaji ƙonewa yake yi. Toka ma a nisanta ta.

Takin zamani kuwa, ɗan kamfa cikin cokali ɗaya, a barbaɗa nesa da gindi sau ɗaya a farkon damina, ya isa. Kana son ta tsaya gajera ne, ba gero kake nomawa ba.

In a tukunya ce, ta ƙasa ta fi. Baƙar roba in rana ta buge ta, ƙasar ciki na yin zafin da ke dafa saiwar da ke jikin bango. A huda gindin tukunyar, a ɗora ta kan bulo biyu.

Ruwa fa? Sau nawa, kuma wane iri?

Babu adadin da zai yi daidai da kowane gida. Ka tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji danshi ka bari sai gobe, in ka ji bushewa ka zuba har ya ratsa. A bazara ta tukunya za ta nema kullum, ta ƙasa kuma bayan kwana biyu ko uku. A Agusta sau da yawa ba a bukatar komai. Zubawa mai yawa lokaci-lokaci ta fi yayyafi kullum, don yayyafi na sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi yake.

Bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ne lokaci. A kula da ruwan tankin roba da ke kan rufi: da azahar yana fitowa da zafin da za a yi wanka da shi. A tara a bokiti ya huce.

Ƙarƙashin yankin nan akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, shi ya sa ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse ke barin farin tabo a bakin tukunya. Wasu kuma zartsi gare su. In ka ga farin ɓawo a saman ƙasa, ka kankare shi, ka zuba ruwa mai yawa ya wanke ta ƙasa. Ruwan indararo ya fi kowane kyau. Ruwan alwala ma yana da kyau ƙwarai, gidaje da yawa da shi kaɗai suke raya bishiya. Ruwan wanki mai garin sabulu ne bai kamata ba.

Ga mai yawan tafiya: a binne tulun ƙasa har wuya a gefen bishiyar, a cika shi, a rufe bakin saboda sauro. Yana tsattsafo ruwa a hankali ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa.

Ganyen tujata ya fara yin ja. Ciwo ne?

A duba daga ina ya fara. In can ciki ne kusa da gangar jiki, baki kuma kore shar, tsohon ganye ne ke zuba, ba komai. In gefe ɗaya ne, wanda ke kallon yamma ko bango, ƙunar rana ce. A kafa mata zana ko tsohon buhu daga Maris zuwa saukar ruwa.

In launin ya koɗe ya yi toka-toka, da ɗigo-ɗigo, da 'yar yana tsakanin rassa, ka ɗauko farar takarda ka riƙe a ƙarƙashin reshe ka kaɗa shi. Za ka ga ƙura ta zubo. Ka ƙura mata ido: in wasu ɗigon suna tafiya, ƙananan gizo-gizo ne masu tsotson ganye, waɗanda ƙura da bushewar iska ke haɓaka su. Maganinsu na farko ruwa ne mai ƙarfi, a wanke ciki da waje bayan kwana uku-uku. In sun ƙi, a jiƙa dakakken 'ya'yan dogon yaro ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulun salo, a fesa da yamma. Maganin ƙwarin wake da ake saye a kasuwa sau da yawa ƙara su yake yi, don yana kashe ƙwarin da ke cin su ya bar su.

In kuwa bishiyar duka ta bushe lokaci guda, a tona gindi. Ko gara ta ci saiwar, ko ruwa ya ruɓar da ita. Irin waɗannan bishiyoyi sukan yi makonni suna kore bayan saiwa ta mutu, don haka ranar da ka ga ja, ɓarnar ta daɗe da faruwa. Saboda gara, kada a jingina busasshiyar ciyawa ko kara da jikin bishiyar. A bar tazarar tafin hannu.

Ana yi mata aski?

Sifurus ba ta bukata. Tuja a rage mata baki kaɗan a farkon damina, kada almakashi ya shiga inda babu koren ganye, don tsohon reshe ba ya sake toho. Kasurina da lalle kuwa ko an yi musu ƙwal-kwabo za su dawo.

Na ga ana tallar irinta a intanet. In saya?

Kada ka saya. Wadan sifurus da wuya take yin 'ya'ya, kuma duk wadda ke kasuwa daga yankan reshe aka samo ta. Irin da za a aiko maka, in ma na sifurus ne, na babbar bishiyar daji ne. Wanda kuma ke tunanin ɗauko mai rai a jirgi ya sani shigo da tsiro cikin Najeriya na bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito. Ba tare da su ba ana iya karɓe shi a filin jirgi.

Muna da awaki da yara ƙanana a gidan. Akwai matsala?

Akuya za ta ci lalle da kasurina, takan ma gwada tuja, wadda ba ta da kyau ga cikin dabba in ta ci da yawa. A kewaye da waya ko bulo mai ramuka har shekara biyu, a kuma ƙara kula a makonnin da ragon layya ke ɗaure a gida. Bishiyar kariya ita ce abin tsoro: ruwan jikinta dafi ne, har mafarauta a wasu sassan Afirka suna shafa shi a kibiya. A ɗora tukunyarta inda hannun yaro ba zai kai ba, wanda ya yanke ta kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.